Ku bar ƙwan wuta, ku buɗe wa yara ƙofa

Iyaye mata na Yamai, don Allah ku tsaya mu yi magana. Ana ta yawo da saƙo a WhatsApp wai barin wuta a kunne a ɗakin jariri da dare shi ke sa ya tashi ba ya ganin nesa. Har akwai uwar da ke shayarwa tana lalube cikin duhu saboda tsoro, kuma abin yana ci mini rai.

Zancen yana da tushe. A 1999 wasu likitoci a Filadelfiya ta Amurka suka tambayi iyayen yara 479 yadda 'ya'yansu ke kwana kafin su cika shekara biyu. Cikin masu kwana a duhu, kashi 10 cikin ɗari ne suka samu matsalar, masu kwana da wutar ɗaki kuwa kashi 55. Sai dai a 2000 aka sake bincike a Ohayo da Boston, ba a ga wata alaƙa ba. Ashe iyayen da su ma ba sa ganin nesa su suka fi barin wuta a kunne, larurar kuma tana bin jini.

Hasken da ya kamata mu damu da shi na rana ne. Larurar tana zuwa ne idan ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima, hasken waje kuma yana rage saurin tsawon nan. A Guangzhou ta Sin an ƙara wa 'yan firamare na wasu makarantu minti 40 a waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara uku, kusan kashi 30 suka kamu, a sauran makarantun kusan 40.

Mu da Allah ya ba rana har ta yi yawa, sai mu kulle yaro a falo, salula a kan hancinsa tun dawowa daga lekol har isha'i. Na san zafin watan Afrilu, ban ce a shanya yaro da azahar ba. Akwai hantsi, akwai bayan la'asar, kuma ko inuwar dogon yaro ta fi falo haske nesa ba kusa ba.

In kin ga ɗanki yana ƙanƙance ido, ko yana kwafa daga littafin na kusa da shi don ba ya ganin allo, kai shi a auna masa ido. In an rubuta tabarau a saya, ba ya ɓata ido.