Idan Kaka Ta Ce An Sace Mata Kuɗi

'Yan'uwana matasa, ina so mu yi magana a kan tsofaffinmu da gigin tsufa ya kama. Mantuwa kowa ya santa, kuma ana iya haƙuri da ita. Abin da ke hargitsa gida shi ne sauyin hali. Kaka ta cusa kuɗinta ƙarƙashin katifa, ta manta, gari na wayewa ta rantse matar jikanta ce ta ɗauke. Dattijon da aka sani da kunya ya fara ashar, ko ya tuɓe a tsakar gida. Wata kuma da la'asar sakaliya sai ta ɗaure kaya ta ce za ta tafi gidansu, alhali a ɗakin aurenta take zaune.

Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Matar da likitan Jamus Alois Alzheimer, wanda aka raɗa wa wani nau'in wannan ciwo sunansa, ya ba da bayaninta a 1906, cikin alamominta na farko har da zargin mijinta da kishi marar dalili. Zargin nan daga cutar yake fitowa.

Don haka in Kaka ta ce an sace mata kuɗi, kada ka tsaya musu da ita. A wurinta an yi satar, hujjarka ba za ta zauna mata ba, sai dai ta ƙara tunzura. Ce mata, "Sannu Kaka, zo mu duba tare." Ka san inda take yawan ɓoye abu. Kai kuma maigida, ka ji tsoron Allah game da matarka. Ita ke wanke tsohuwar, ita ke ba ta abinci, ita ce kullum a gabanta, shi ya sa zargin ke faɗawa kanta. Kada ka bari dangi su zo ziyarar yini ɗaya su ji ƙorafi su yanke mata hukunci. Ka tsaya mata, ka kuma sa 'yan'uwanka mata su riƙa karɓarta ta huta.

Idan rikicewar ta ƙaru farat ɗaya, a nemi dalili a jiki. Ciwon fitsari, taurin bayan gida, ciwon haƙori, zazzaɓi ko ƙishirwa duk suna sa haka, domin mai ciwon ba ya iya faɗin inda ke masa zafi. A je asibiti, a duba har da hawan jini da ciwon suga. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano. Don Allah a daina sayo maganin barci a kemis ana ɗirka musu. Yana ƙara ruɗewa, yana sa faɗuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru babbar masifa ce. Ɗaure ƙafa da kulle ɗaki ma zalunci ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kalmar "mayya". Tsohuwar da ta ɓace da asuba, aka tsince ta a wata unguwa tana sambatu, duk abin da taron jama'a ya tambaye ta "e" za ta ce, sai a ce ta amsa laifi. A 2020 an lakaɗa wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 duka har ta mutu a Kafaba ta ƙasar Gana bisa zargin maita. Mu matasa ne ke cika irin wannan taro. In ka tarar da shi, ka shiga tsakani, ka kai ta wurin mai unguwa ko 'yan sanda.

In kuma naku ne mai fita, ku ɗinka lambar waya a rigarsa, ku sanar da maƙwabta, masu shago da liman halin da yake ciki tun kafin ya ɓace.