Wai yabo kuɗin sayen albarka ne?

'Yan'uwa a cikin Almasihu, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majami'unmu, har yaran makarantar Lahadi sun haddace ta: "Idan yabo ya hau sama, albarka za ta sauko." Mai jagorar waƙa ya faɗi rabin farko, jama'a su ƙarasa masa, a saki ganga, mata su rangaɗa guɗa. Maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yau zan faɗi abin da ke raina, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri.

Ba aya ba ce. Ku duba daga Farawa har Wahayin Yahaya, ba za ku same ta ba. Wasu kan jingina ta da Zabura 67, inda aka ce al'ummai su yabi Allah, ƙasa kuma ta ba da amfaninta. To, amma ku karanta zaburar daga farkonta. Da roƙon alheri da albarka ta fara, dalilin da ta bayar kuwa shi ne domin duniya ta san hanyar Allah. Babu inda aka ce yabon ne ya biya kuɗin hatsin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, wanda ya fara kawo wannan lissafi a Littafi Mai Tsarki Shaiɗan ne. A Ayuba sura 1 ya tambayi Allah, wai Ayuba a banza yake tsoronka? Ka kewaye shi da shinge, ka yalwata dukiyarsa, ai dole ya yi maka sujada. Taɓa abin hannunsa ka gani in bai zage ka ba. Zargin ke nan: babu mai yabon Allah don Allah, kowa riba yake nema. Ayuba yana da tumaki 7,000 da raƙuma 3,000, da 'ya'ya goma. Rana ɗaya duk suka tafi. Ya keta rigarsa, ya aske kansa, ya faɗi ƙasa, ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, yabo ya tabbata ga sunansa. Na san wani zai ce ai a sura 42 an ninka masa dukiyar. Gaskiya ne. Sai dai ranar da ya faɗi ƙasa bai san da wata sura 42 ba. Kuma 'ya'yan da ya binne ba su tashi ba, wasu ya haifa. Ku tambayi duk uwar da ta binne ɗa ko sabon haihuwa yana cike gurbin wanda ya tafi.

Yanzu ku saurari lokacin ba da shaida a yawancin majami'unmu. Wannan ya sayi mota, wancan ya samu biza, wance ta samu miji, wane an ƙara masa girma a wurin aiki. A tafa, a yi rawa zuwa gaban bagadi da ambulan a hannu, dangi da abokai na biye. Ba na hassada da kowa, kuma godiya wajibi ce. Yesu da kansa ya tambayi ina kutare tara suka shiga, da ɗaya kaɗai ya dawo yin godiya. Ibrahim ma attajiri ne, Farawa 13 ta ce yana da dabbobi da azurfa da zinariya. Amma ku waiwaya bencin baya. Akwai gwauruwar da ta tako da ƙafa don ba ta da kuɗin keke, ta ƙulle naira ɗari a bakin zane saboda baiko. Akwai matar da ta shekara goma sha biyu da aure ba haihuwa, duk ranar miƙa jarirai sai ta sunkuyar da kai. Akwai manomin da bai iya zuwa gonarsa ba bana saboda 'yan bindiga. Idan albarka ita ce mota da biza, me muke gaya wa waɗannan kowace Lahadi? Ko dai Allah ya manta da su, ko kuwa yabonsu ne bai kai ba. Babu fasto da zai faɗi haka a kan bagadi, amma saƙon da suke komawa gida da shi ke nan.

Albarkar da limamanmu ke sa mana a ƙarshen sujada daga Littafin Ƙidaya 6:24-26 take, wadda aka ba Haruna da 'ya'yansa. Muna jin ta muna neman takalmi da jaka, shi ya sa ba mu lura da abin da ke cikinta ba. Ubangiji ya kiyaye ka, ya haskaka maka fuskarsa, ya yi maka alheri, ya dube ka, ya ba ka salama. An ba da ita ga mutanen da ke cikin jeji, ba gona, ba gida sai alfarwa. Duk abin da ke ciki Allah ne da kansa yake juyo da fuskarsa ga mutum. Asaf ya gane wannan a Zabura 73. Ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna ƙiba, dukiyarsu na ƙaruwa, shi kuwa kullum cikin wahala. Sai da ya shiga Haikali hankalinsa ya dawo, ya ce shi kam kusantar Allah ita ce alherinsa. In da dukiya ce ma'aunin albarka, da ɓarayin gwamnati sun fi kowa albarka a ƙasar nan.

Ko alkawarin Ibrahim da muke yawan rerawa, rabinsa muke ɗauka. A Farawa 12 an ce za a sa masa albarka, shi kuma ya zama albarka, har dukan kabilan duniya su samu ta wurinsa. Mu kuwa mun mai da ita kamar rijiyar da aka gina a tsakar gida aka sa mata kwaɗo.

Mu a Arewa bai kamata a koya mana wannan darasi ba. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta kama hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabannin ikilisiyar suka koma Jos na wani lokaci. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilu na shekarar 'ya'yan wannan ikilisiya ne. An ƙona majami'u, an watsa garuruwa, amma sujada ba ta tsaya ba. Matan Zumunta sun ci gaba da waƙa a sansanonin gudun hijira. Wace mota suka samu? Abin da Habakuk ya faɗa ne a ƙarshen littafinsa, ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya zama wayam, zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Bulus da Sila ma da tsakar dare suka yi waƙa a kurkukun Filibi, bayansu duk shatar bulala, ƙafafunsu a turu. Da ƙofofin suka buɗe ba su ma gudu ba.

Kuma a daina tilasta wa mutane murmushi. Zabura cike take da kuka da ƙorafi, Zabura 88 ma a cikin duhu ta ƙare, ba ko kalmar ta'aziyya. Isra'ilawa sun sa ta a littafin waƙoƙinsu na sujada. Mu kuwa mai jagorar waƙa zai tsaya ya ce wanda bai yi rawa ba bai san abin da Allah ya yi masa ba, alhali mutumin jiya ya dawo daga jana'izar ƙaninsa.

Ina son ganga, ina son kacau-kacau da tulun Zumuntar Mata, Zabura 150 ma ta ce a yabi Allah da kayan kiɗa iri-iri. Amma Allahn nan shi ne ya ce ta bakin Amos a kawar masa da hayaniyar waƙoƙi, ba zai saurari molayensu ba, sai adalci ya malalo kamar ruwa. Ibraniyawa 13:15 ta yi zancen hadayar yabo, aya ta 16 kuma nan take ta ce kada a manta da yin alheri da rabawa da juna. Ta farkon muke rubutawa a allon sanarwa, ta biyun ba kasafai ake karanta ta ba.

Don haka ina da tambaya ga dattawan ikilisiya. Ranar godiyar kaka za a jibge buhunan masara da dawa da doya da kaji a gaban bagadi, a yi gwanjonsu, masu hali su yi ta ƙara farashi ana tafa musu. Kafin a fara gwanjon, buhu nawa aka ware wa gwauraye da marayu da 'yan gudun hijirar da ke cikin ikilisiyar, kuma wa aka ɗora wa alhakin kai musu har gida?