Zuba sinadari da yawa a karo ɗaya ba ya tsamo maganin ƙwari duka

Ɗalibai da yawa a ɗakin gwaji suna ɗauka cewa idan za a tsamo ragowar maganin ƙwari daga ruwan rijiya ko na kogi, gara a juye sinadarin tsamowa gaba ɗaya, a girgiza sau ɗaya a huta. Wannan kuskure ne, kuma yana sa gurɓataccen ruwa ya fito kamar mai tsabta.

Hanya mai lamba 3510 ta hukumar kare muhalli ta Amurka ta tanadi lita 1 ta ruwa da mililita 60 na dikuloromitan, wato sinadarin tsamowa wanda ba ya gauraya da ruwa, har sau uku. Dalilin lissafi ne. A ce maganin ya fi taruwa cikin sinadarin ninki 50 bisa ruwa. Mililita 180 a karo ɗaya zai bar kashi 10 cikin 100 a ruwan. Mililita 60 kuwa yana barin kwata a kowane zagaye, bayan na uku abin da ya saura bai kai kashi 2 ba.

A zuba ruwan da sinadarin a mazurarin rabawa, wato kwalba mai murfi a sama da famfo a ƙasa, a girgiza shi minti ɗaya zuwa biyu, ana buɗe famfonsa a kai a kai, domin dikuloromitan yana tafasa wajen digiri 40, tururinsa na iya cillar da murfi. A bar shi minti 10 ruwan da sinadarin su rabu. Dikuloromitan ya fi ruwa nauyi, don haka na ƙasan ake tara, a nan sababbin hannu kan zubar da samfurinsu. Idan kumfa mai kauri ta tsaya tsakani, a tace ta da audugar gilashi, sannan a bi da sinadarin ta busasshen gishirin sodiyam salfet ya shanye sauran danshi.