Mai bincike a Google ba ya rubuta "Da ɗumi-ɗumi"

Akwai wata ɗabi'a da na daɗe ina lura da ita a shafukan Hausa na intanet, kuma a ganina ita ce ke hana rubutu mai amfani isa ga masu buƙatarsa. Muna sa wa shafi take kamar muna kiran mai wucewa a Facebook, alhali wanda ya buɗe Google tambaya ce ta kawo shi, kuma da kalmomin tambayar zai yi bincike.

Kwanakin baya wata ƙanwata mai sana'ar dambun nama ta nuna mini shafinta. Ta yi bayani tiryan-tiryan, tun daga dafa naman da albasa da citta har zuwa dakansa a turmi da suyarsa, amma taken da ta sa shi ne "Barkanku da zuwa, ga wani abin mamaki". Na tambaye ta: "Ƙanwata, da ke ce kike neman wannan girki, me za ki rubuta a wayarki?" Ta ce, "Yadda ake dambun nama." Ashe taken yana bakinta, ta bar shi ta tafi neman ado.

Wurin da Google ke ba take a sakamakon bincike ƙarami ne, abin da bai wuce haruffa 50 zuwa 60 ba, kuma duk abin da ya haura haka yakan yanke shi ya sa ɗige-ɗige. Saboda haka wanda ya fara da sunan shafinsa da gaisuwa da "Innalillahi" ya cinye wurin tun kafin ya zo ga maganar. Kalmar da ake nema ita ya kamata ta zo farko, sunan shafi kuma ya koma ƙarshe idan akwai sauran wuri.

Wasu kuma sun ji an ce kalmomin bincike na da tasiri, sai su jera "JAMB, sakamakon JAMB, duba JAMB" a take guda. Wannan ya fi ba ni haushi, domin ko injin ya nuna shafin, ɗalibin da ya gani zai ɗauka aikin 'yan damfara ne. Tun a watan Agustan 2021 Google ya sanar cewa yakan sauya taken da ya yi tsawo ko aka cika shi da maimaici, ya ɗauko wani daga cikin shafin, wato mai shafi ya rasa ikon zaɓar abin da za a fara gani.

Haka nan bai dace shafuka ashirin su ɗauki take ɗaya ba. Kowanne ya faɗi abin da ke cikinsa, kuma kada ya yi alkawarin abin da babu. Ƙanwar tawa dai ta mayar da nata "Yadda ake dambun naman kaza a gida", kuma yanzu tana bin sauran shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta fara da na kilishi.