Motar Alhaji Hutawa Take Yi

Karo na huɗu ke nan cikin kwana 80 da sabuwar motar Alhaji ta tafasa a tsakiyar titi. Har yau ledar kujerunta na nan, don duk wanda ya leƙa ya san gal ce.

Alhaji: Kai Sule, rufe bonet ɗin nan, mutane na kallo.

Bakanike: Ranka ya daɗe, tururi ne ke fita. Fankar lagireto ba ta tashi, allurar zafi ta kai ja.

Alhaji: Ba lalacewa ta yi ba. Hutawa take yi. Motar manya ba ta gudu kamar kurkura.

Bakanike: Aikin minti goma ne. In cire tamostat ɗin in jefar, in haɗa fanka kai tsaye da batir. Turawa don ƙasar sanyi suka sa shi.

Sule bai taɓa ganin abin da ke cikin inji ya ce da amfani aka sa shi ba.

Lauya: Baba, kada ya taɓa ko noti ɗaya! Da ya sa sifana, kamfani zai ce an yi mata aiki a waje, garanti ya tashi. Kuma tamostat shi ke riƙe ruwa har inji ya kai kusan digiri 90 kafin ya sake shi. In babu shi, mai za ta riƙa sha kamar rijiya ta tsage.

Alhaji: Ni na biya maka kuɗin makaranta, yau kai ke koya min mota?

Lauya: Ina rasit ɗin motar?

Alhaji: Yana gida na sa masa firam.

Ana haka sai ga dillalin da ya sayar da motar, carbi a hannu, murmushi har kunne.

Dillali: Alhaji babba! Gurɓataccen man da ake sayarwa ne. In ba shi ba, to ramukan hanya. In ba su ba, wallahi baki ne. Wa zai ga wannan mota a ƙofar gida bai yi hassada ba?

Alhaji: Ka ji mai hankali. Tun ranar da na shigo da ita maƙwabcina bai ƙara gaishe ni da fara'a ba.

Lauya: Hassada ba ta ƙona rilen fanka. Ku jona mata na'ura, in ta nuna P0217 injin ne ya wuce ƙa'idar zafi. Sau uku an kawo muku ita, me kuka rubuta?

Dillali: Rubutu tsakanina da Alhaji? Ai amana ce. Kuma duba ƙasan rasit: kayan da aka saya ba a dawo da shi.

Lauya: Wannan layin bai fi ƙarfin doka ba. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, sashe na 132: cikin wata uku da karɓar kaya, in suna da aibi, mai saye na iya mayarwa ba tara, kuɗin ɗauka a wuyan mai sayarwa. Ko ya gyara, ko ya canja, ko ya mayar da kuɗi. Saura kwana goma, Baba.

Dillali ya daina jan carbi.

Lauya: Yau za mu rubuta takarda: lambar shasi, duk baƙaƙe da lambobinta 17, ranar saye, kilomitar da ke kan agogo, da ranakun da ta tsaya. Kwafi biyu, su sa hannu da hatimi a namu. Duk shigar da za ta yi garejinsu, a ba mu katin aiki mai nuna abin da aka kwance da abin da aka sa. A ɗauki bidiyon allurar nan yanzu kafin ta sauka. In sun yi kunnen uwar shegu, sai FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, ko kotu.

Alhaji: Wato in sa hannu da kaina cewa ni, Alhaji, an sayar min da ruɓaɓɓiyar mota? A ajiye a fayil? Jikoki su zo su karanta?

Lauya: A Amurka har suna gare ta, lemon tsami suke ce wa irin wannan motar, kuma akwai dokarta.

Alhaji: Tawa ce lemon tsami? Ni da na yanka rago ranar da ta iso?

Bakanike: Ranka ya daɗe, in ta sake tafasa gasket zai ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Daga nan sai sauke inji.

Alhaji: Nawa ne sauke inji?

Sule ya raɗa masa a kunne. Alhaji ya gyara hula, ya dubi sama, ya dubi dillali.

Alhaji: Kawo biro. Amma ka rubuta cewa zazzaɓi take yi, kada in ga kalmar lalacewa.

Lauya: To, a kira janwe.

Alhaji: Bayan Isha'i. Ta bayan layi. Kuma ina ciki, riƙe da sitiyari.

Bakanike: A saman janwen, ranka ya daɗe?

Alhaji: In wani ya tambaya, ku ce ƙasar hanya ce ba na so ta taɓa tayoyin.