Raguwar hauhawar farashi ba saukar farashi ba ce

Duk lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar cewa hauhawar farashi ta ragu a Najeriya, sai ka ji ana cewa masana tattalin arziki ƙarya suke yi, tunda a kasuwa babu abin da ya sauka. Ƙorafin yana da tushe, domin mai cefane aljihunsa ne shaidarsa. Abin da ke damuna shi ne, ba saukar farashi masanan suka ce ba.

Saurin tashin farashi ake aunawa. A ce mudun shinkafa ya tashi daga naira 2,000 zuwa 2,600 cikin shekara guda, hauhawar kashi 30 cikin ɗari ke nan. Shekarar da ta biyo ya kai 2,990, wato kashi 15. Hauhawa ta ragu da rabi, amma shinkafa ta ƙara tsada.

Sannan adadin da ake sanarwa matsakaici ne na abubuwa da yawa, abinci da haya da kuɗin mota, daga duk jihohi, don haka ba lallai ya yi daidai da cefanen gidanka ba. Idan masani ya kawo adadi, tambaye shi da wane wata ya kwatanta, kuma nawa abinci kaɗai ya tashi, domin hukumar tana fitar da wannan lissafin daban.