Alhaji Bakano da Turancin Ɗoki

Bakano: Kai Bazazzagi zo nan, yau dai bokon nan naku zai yi rana. Yarinyar da zan aura ce ta turo min wai "I am excited", ni kuma so nake ta san nawa ɗokin ya fi nata, shi ne na rubuta "I am exciteder".

Bazazzagi: Subhanallahi, Alhaji goge kafin yaran shagon nan su gani. Gajerun kalmomi ake liƙa wa er a ƙarshe, irin su tall, taller. Doguwa irin wannan more ake ajiye mata a gaba.

Bakano: To shi ke nan, "I am more exciting".

Bazazzagi: Yanzu kuma ka ce kai ne abin kallon, kamar hawan Daushe. Mai ed shi ne wanda ɗokin ya kama, mai ing kuma abin da ya jawo ɗokin. Biki exciting, ango excited.

Bakano: Yo ni ba abin kallo ba ne? Ka ko san nawa na sayi shaddar nan?

Bazazzagi: Ku dai Kanawa komai sai kun sako kuɗi. Sa than a bayanta ka faɗi wanda ka fi, "more excited than you". In kana son ƙarin gishiri ka ce much more ko even more, amma ban da very more dan Allah.

Bakano: A'a ni so nake ta san ko a auren fari ban yi wannan rawar ƙafar ba.

Bazazzagi: "More excited than I was at my first wedding", sai dai Alhaji wannan maganar fa...

Bakano: Turanci na tambaye ka ba shawara ba. Na ma tura. Ka ga har an yi rifilai, karanto min.

Bazazzagi: Alhaji Hajiya nawa gare ka a wayar nan?

Bakano: Biyu mana, me ya faru?

Bazazzagi: Uwargida ka tura wa. Ta ce "Come home. Tonight will be even more exciting". Kai wallahi Hajiya ta iya Turanci, dubi yadda ta sa ing ɗin nan daidai wurinsa, har da even!

Bakano: Ni na biya mata kuɗin makarantar ai. Motar Zariya ta ƙarshe ƙarfe nawa take tashi a Unguwa Uku?

Bazazzagi: Akwai har dare. Amma kwana a gidana sai ka biya.